Ranar gwajin wuta da sauti: me ya kamata a rubuta a takardar yarjejeniya?

Manajan Dandamali: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harkar wasan daɓe. Yawancin takardun da ake miƙo wa ma'aikata, layi ɗaya suke yi a kan wannan batu: "zai halarci gwaji da ranar wasa." Alhali ranar gwajin wuta da sauti ta fi kowace rana tsawo da wahala, kuma ita aka fi yi kyauta. Don Allah kowa ya kawo abin da ya dace a rubuta daga ɓangarensa.

Nawa shi ne a fasa kalmar "gwaji" gida huɗu: shigo da kaya da kafa su, gwajin ma'aikata zalla babu 'yan wasa, bin kiyu ɗaya bayan ɗaya tare da 'yan wasa, sai cikakken gwaji da tufafi. Kowanne da kwanan watansa, da lokacin farawa da na tashi. Kiyu shi ne duk wani canjin wuta ko sauti ko labule da manaja zai kira. Wasa mai kiyu 100, in kowanne ya ci minti 5 kafin ya zauna, an haura awa 8 ke nan, ba a yi salla ba, ba a ci abinci ba. Wanda ya ware yammaci ɗaya, a zauren asuba za ta riske shi.

Mai Fitila: Wa alaikumus salam, Malam Manaja. Maganar janareta ita ce kan gaba. A rubuta girmansa, da wanda zai zuba dizal, da awa nawa zai yi a ranar gwaji. Fitilar PAR 64 ta da, mai wat 1000, tana jan amfiya 4 da 'yan kai. Guda 24 sun cinye kilowat 24, wato iyakar ƙarfin janareta mai kVA 30, ba a sa sifika ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin da ke faruwa shi ne a kawo ƙaramin inji ranar gwaji don tsimin mai, a ce babban sai ranar wasa. To ba za a iya kunna fitilun duka lokaci guda ba, kuma duk matakin hasken da aka ajiye a teburin sarrafa fitilu, a kan wutar da ba ta kai ba aka ajiye shi. Ranar wasa sai fuskokin 'yan wasa su yi fari fat. Sharaɗina: injin gwaji shi ne injin wasa.

Sai duhu. Saita fitila tana buƙatar zaure mai duhu na awa 3 zuwa 4, da tsani mai kyau, da mutum guda da ke riƙe shi. In fili ne a buɗe, sai bayan magariba aikin zai yiwu, don haka kuɗin dare da na mota su shiga lissafi tun farko.

Mai Sauti: Gaskiya ne Injiniya, amma kada a haɗa mu layi ɗaya da ku. In mikisa, wato na'urar haɗa sauti, da na'urar rage hasken fitila suka sha wuta a layi guda, ƙugi ne zai cika sifika, kuma ba ya fitowa sai an fara rage wutar. A rubuta cewa sauti yana da layinsa daban, da awa ɗaya ta shiru, babu guduma babu jan benci. Batirin makirufo maras waya kuma furodusa ke saye, sabo fil ranar gwaji, sabo ranar wasa. Makirufo 8 mai cin batir biyu-biyu, 16 ke nan a kowane zama. A faɗi wa zai biya in gumi ko hoda ya kashe ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a kumatu, don a nan rigima ta fi tashi.

Barista: Ku yi hattara da dogaro da doka kawai. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Sai dai sashe na 91 ya cire masu aikin fasaha da na ƙwarewa daga ma'anar "ma'aikaci", don haka ana iya cewa mai fitila ba ya ciki. Abin da aka sa wa hannu shi zai tsaya muku.

A Amurka, ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity tana da tsarin 10 cikin 12: ana zaure awa 12, aiki awa 10, da hutun minti 5 bayan kowane 55 ko minti 10 bayan 80. Ko shi ma tun 2020 ake fafutukar soke shi, domin masu fitila da sauti sukan riga 'yan wasa zuwa, su kuma bar wurin bayansu. A Ingila dokar lokutan aiki ta 1998 ta tanadi hutun awa 11 tsakanin tashi da dawowa. Ku ari wannan. Ku kuma rubuta wa zai ɗauki asibiti in wani ya faɗo daga tsani. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, amma ƙananan ƙungiyoyinmu ba kasafai suke rajista da NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, ba.

Hajiya Mai Tufafi: Ƙannena, kun manta da mu. Canjin kaya na gaggawa sai an gwada shi da agogo, da ainihin tufafin, a cikin ainihin duhun bayan labule. Babbar riga da rawani ba sa ɗauruwa cikin daƙiƙa 40 sai an ɗinke rawanin a kan hula tukuna, kuma ba a gane haka sai ranar. Ina so a rubuta ɗakin canji na mata mai ƙofa da fitila, da tazarar kwana ɗaya tsakanin cikakken gwaji da wasa saboda wanki da gyaran ɗinki. Lokutan salla su fito a jadawali, ranar Juma'a kuma a cire tsakar rana gaba ɗaya. In an wuce ƙarfe 9 na dare, motar da za ta kai 'yan mata har ƙofar gida tana wuyan furodusa.

Furodusa: Na ji, Hajiya, kuma ban musa ba. Amma ku sani mai zaure da kwana yake haya, kuma in biki ya faɗo ranar gwajinmu, mu ake ɗagawa. Saboda haka takarda ta farko da mai zaure ake yin ta: kwana biyu a jere, ba a sauke abin da aka rataya, an san mai riƙe makulli, kuɗin kowace ƙarin awa a bayyane. Ga ma'aikata, abin da nake ganin adalci shi ne ranar gwaji ta kai aƙalla rabin kuɗin ranar wasa, a biya kafin alƙalami ranar shigo da kaya, ƙarin lokaci kuma a lissafa da awa. In ni na soke cikin awa 48, in biya cikakke. Wanda ya makara kuma a yanke masa, wannan ma a rubuta.

Mai Fitila: Na yarda, ranka ya daɗe, in dai daga lokacin da aka buɗe zaure aka tada inji ake ƙirga makarar. A ƙara layi ɗaya: bayan cikakken gwaji, darakta ba zai sauya tsayuwar 'yan wasa ba sai an ba ni awa ɗaya in sake saiti, kuma a kwashe kiyu duka a filashi biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya wurin Malam Manaja.