Wai ana iya raba 'yan biyun da kansu ya hade su rayu duka?

Uwar 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ga hoton wasu jarirai kansu a manne da juna, wallahi kasa barci na yi don ni ma 'yan biyu gare ni. Don Allah ana raba irin wadannan su rayu duka biyun? Na ji an raba Hassana da Hussaina 'yan Kano a Saudiyya a 2024, irinsu daya ne?

Dalibin likita:
Wa'alaikumussalam Hajiya. A'a ba daya ba ne, su na Kano ta kasan ciki da kugu suka hade, na kai kuwa shi ne mafi wuya duk a cikinsu. Kuma ba kashin kokon kan ba ne damuwar, akwai wata babbar jijiya da ke kwashe jini daga kwakwalwa, to sau da yawa ita daya ce tal su biyun suke amfani da ita, in aka yanke ta rana daya wanda bai samu ba kwakwalwarsa kumbura za ta yi ko jini ya balle a kasa tsayar da shi. Shi ya sa yanzu ake yin tiyatar daki-daki, a daure wasu jijiyoyin a jira makonni har jinin ya nemi sabuwar hanya, sannan a sa wani abu kamar balan-balan a karkashin fata ta bude a samu abin rufe kan.

Baba Malam:
Na tuna Ladan da Laleh 'yan Iran, su ma ta kai suka hade, shekararsu 29, su da bakinsu suka ce a raba su. A Singapore aka yi a 2003, jini ya ki tsayuwa duk suka rasu. Allah ya jikansu, ranar nan na yi hawaye.

Dalibin likita:
Amin Baba, girman ma ya kara wa aikin wuya. Amma Rital da Ritag 'yan Sudan an raba su a Landan a 2011, tiyata hudu aka yi musu suna jarirai kuma duk sun rayu. Sai dai fa rayuwa daban lafiya daban, yaran Jamus da likitan tiyatar kwakwalwa dan Amurka Ben Carson ya raba a 1987 sun rayu amma kwakwalwarsu ta tabu sosai.

Uwar 'yan biyu:
Allah sarki, tiyata hudu a kan jariri! Ni uwar nake ta tunani, yadda za ta zauna bakin kofar tiyata har sau hudu. Na gode dana, Allah ya ba ka sa'ar karatu.