Taƙaitawa: halartar taruka ga ma'aikatan kwamfuta na jami'a

Jama'a, ga abin da na tattara daga maganganunku kan amfanin tura ma'aikatan kwamfuta na jami'a zuwa taruka.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sanin mutane shi ne babbar riba. Wanda ke kula da intanet na jami'a a Damagaram, idan ya haɗu da takwarorinsa a taron WACREN (ƙungiyar da ke haɗa intanet na jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya) ko horon AfNOG (ƙungiyar masu kula da intanet na Afirka), ya samu waɗanda zai kira ranar da saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita) ta tsaya. Ni ma a nan na fi ƙarfi. Da yawa sun ambaci eduroam, tsarin da ke ba ɗalibi damar shiga intanet na wata jami'a da sunansa da kalmar sirrinsa na jami'arsa. Sun ce a taro ake koyon girka shi hannu da hannu.

2. Kuɗi ya raba kawuna. Daga Damagaram, Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ce, balle Dakar ko Akra. Wasu sun ce a bi ta Zoom, wasu sun ce hirar bayan zama ba ta samuwa a allo.

3. A riƙa tura ƙananan ma'aikata, ba shugabanni kullum ba.

4. Wanda ya dawo ya zauna da abokan aiki ya koya musu kafin mako ya fita.