Akori-kurar Ford F-150 za ta iya jan tirelar tafi-da-gidanka mai tsawon ƙafa 33?

Mai F-150 (Hustan, Amurka): Salamu alaikum jama'a. Na ga tirelar shaƙatawa, irin mai ɗakin kwana da kicin a ciki, ƙafa 33, nauyinta laba 7,600. Ford sun ce F-150 ta 2021 tana jan har laba 14,000, wato sama da kilo 6,000. Rabi ne fa kawai. Na ce zan saya, uwargida ta ce in tambaye ku.

Makanike (Dalas): Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa Hajiya. Alhaji, 14,000 ɗin nan ta mota guda ce da aka haɗa musamman, mai injin EcoBoost 3.5 da kayan ja. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, ta faɗi nauyin mutane da kayan da motarka za ta ɗauka. Nawa aka rubuta?

Mai F-150: 1,640.

Makanike: To ga lissafi. 7,600 nauyinta ne babu komai a ciki. Zuba ruwa, tukunyar gas, batir da kayan abinci, ta doshi 9,000. Kashi 10 zuwa 15 na wannan a kan ƙugiyar motarka yake sauka, mu ce 1,170. Ƙarfen haɗin kansa kusan laba 100. Saura 370 kenan, kai da Hajiya da yara uku. Ina za ku shiga?

Ƙanin Alhaji (Kano): Haba Malam, tsoro ne kawai irin na Turawa. Nan akori-kura nawa ake labta wa buhu har bodi ya kusa taɓa ƙasa, kuma ta kai Dawanau lafiya lau?

Direban babbar mota (Ohayo): Ƙanena, buhu ba ya kama iska. Tirela mai ƙafa 33 bango ce a kan taya. Ina wuce su kullum a babban titi, iskar motata kaɗai ke sa su rangaji. In baya ya nutse, gaba ya ɗaga, sitiyari sai ya yi sakwaf a hannu, birkin gaba ma ya rage ci. Ja dai za ta ja, tsayawar ce abin tambaya.

Mai F-150: Amma ai ba da ka suka faɗi lambar ba. Akwai gwajin ƙarfin jan motoci da ake kira SAE J2807, har hawan tudun Davis Dam a Arizona ake yi cikin zafi.

Makanike: Gaskiya ne Alhaji, kuma gwajin kirki ne. Sai dai mutum biyu ake lissafawa a motar, kowanne laba 150. Ba iyali, ba kula cike da nama.

Ƙanin Alhaji: To ya sa ƙarfen nan mai rarraba nauyi mana.

Makanike: Dole ma ya sa, Ford da kansu sun shar'anta shi in tirela ta wuce laba 5,000. Yana mayar da wani nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela, amma 1,640 ɗin nan ba ta ƙaruwa.

Direban babbar mota: Ni ban ce F-150 ba ta ja ba. Mai ƙafa 24 ko 26 za ta ja cikin kwanciyar hankali. Wannan kuwa ta F-250 ce, yayar F-150 da ta fi ta ƙarfi. In kana musu, ɗauki iyalin duka ku hau sikelin CAT a tashar manyan motoci, ka ga abin da ya rage maka kafin ka ba dila ko sisi.

Mai F-150: Dilan fa ya ce ba matsala.

Makanike: Dilan tirela ko na mota?

Mai F-150: Na tirela. Asabar zan je sikelin, in turo muku takardar.