Masu jaka a ciki: yaya kuka yi da watannin farko?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yau sati 3 da yi mini aiki a asibitin Shika. Taifod ce ta huda mini ƙaramin hanji, aka fito da bakinsa ta gefen dama, iliyostomi suke ce masa, bayan gida na zuba a jakar da aka manna a wurin. Likita ya ce in ciki ya warke za a mayar. Fatar wurin ta yi jawur, tana raɗaɗi kamar an zuba barkono, jakar kuma ba ta kwana biyu sai ta saki. Don Allah iyayena da yayyena da kuka riga ni, ku ba ni shawara.

Gwaggo, Gyallesu: Wa'alaikassalam ɗana, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Shekarata 4 da kwalostomi, wato nawa bakin babban hanji aka fito da shi, ciwon daji (kansa) aka cire mini. Ina zargin ramin da kake yankawa a jikin jakar ya yi faɗi. Bakin hanjin nan a kumbure yake fitowa, sai ya yi ta motsewa har sati 6 zuwa 8, shi ya sa awon jiya ba ya yi wa yau. Ni takarda nake ɗorawa in zana, in yanka da ƙaramin almakashi, in bar tazarar milimita 2 kacal. Abin da ke fitowa daga ƙaramin hanji yana da sinadarin narkar da abinci, in ya taɓa fata cin ta yake yi. Wanke da ruwan ɗumi zalla, ka bari ta bushe ƙayau. Kada hunturu ya sa ka shafa basilin a wurin, gam ba ya kama mai. Na yi wannan kuskuren, na kwana ina wanke zanin gado ina hawaye. In fatar ta fara tsattsafo da ruwa, koma ka nuna wa nas.

Mai shago, Sabon Gari: Ƙanena, ruwa! A zafin Afrilu jiri ya kayar da ni a bakin shago. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, namu kuwa an tsallake shi. Yanzu kullum da gorar ORS, ruwan gishiri da sukari, a gefena. Gyaɗa, aya da gasasshiyar masara ka jinkirta musu, ni aya ta taɓa toshe ni. Ayaba da shinkafa suna sa shi kauri. Kuma kada ka ɗaga buhu ko jarka tukuna, wurin yana iya yin ƙaba.

Maman Yara, Samaru: Ɗana aka haifa ba dubura, ya yi watanni da jaka kafin a gyara masa. Ranar farko da na ga ɗigon jini a auduga, jikina ya yi sanyi, sai nas ta ce bakin hanjin ba ya jin zafi, ɗan jini wajen gogewa ba komai. In bakin hanjin ya koma baƙi ko shuɗi, to asibiti maza.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. To salla fa, Gwaggo? Tun da na dawo ban shiga sahu ba, kunya nake ji.

Gwaggo, Gyallesu: Malaminmu ya ce mini hukuncin mai lalura gare mu, kamar mai yoyon fitsari, amma ka tambayi naku ka ji da kunnenka. Ka zubar da jakar kafin alwala, kada ka bari ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sujada ba za ta matse ta ba. Ka rage wake da ƙwai daren Alhamis, ka sa babbar riga, Juma'ar nan ka je masallaci.