Wai me za mu kira redlining da Hausa?

Jama'a ku taya ni, ina rubutu kan tsadar gidaje a gundumar Nassau da ke gefen birnin New York, na zo kan kalmar redlining na cije.

Asalinta, a shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka, HOLC, ta zana taswirar birane sama da 200 ta raba unguwanni launi huɗu, kore, shuɗi, rawaya da ja. Ja na nufin kar banki ya saka kuɗinsa a nan, kuma kusan duk inda baƙaƙen fata suke zaune ja aka shafa masa. To ba rancen sayen gida ba na gyara, sai haya har tsufa.

Wani ɗan'uwa ya ce jan layi. Ya zauna a baki gaskiya, sai dai mu in an ce an ja wa mutum layi ai gargaɗi ne, kar ka tsallake, ba maganar hana bashi a ciki. Wata 'yar'uwa ta ce jan zane, ranki ya daɗe mai karatu atamfa zai fara tunawa.

Ni wariyar unguwa nake so, ƙanwar wariyar launin fata, kuma dalilina a Nassau ɗin yake. Can aka gina garin Levittown daga 1947, gidaje sama da 17,000 masu araha, gwamnati ta tsaya wa masu saye a banki, amma a takardar yarjejeniya an rubuta ƙiri-ƙiri farar fata kaɗai zai zauna, har sojan da ya dawo daga yaƙi in baƙi ne ba shi ba gidan. Waɗanda suka samu sun bar wa 'ya'yansu gado, waɗanda aka hana jikokinsu ne yau suke fama da kuɗin haya.

An haramta abin a 1968, amma a 2019 jaridar Newsday ta wallafa binciken da ta yi, inda ta tura baƙaƙe da farare a ɓoye kamar masu neman gida wajen dillalan gidaje na Long Island, tsibirin da Nassau take ciki, kuma a kashi 49 cikin 100 na lokutan da aka tura baƙaƙe ba a yi musu yadda aka yi wa fararen ba. Nan ba taswira ba jan biro, dillali ne kawai ke karkata mutum zuwa wata unguwa. Jan layi ba zai ɗauki wannan ba, wariyar unguwa za ta ɗauka.

Malamanmu na Hausa, in da wadda ta fi ta ku kawo kafin in miƙa rubutun.