Ni da 'yata za mu shiga tseren kulob: GP14, Enterprise ko RS200?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙananan jiragen ruwan nan masu tafiya da iska. Ni da 'yata mai shekara 14 mun gama kwas ɗin mataki na biyu na RYA (ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya) a wani kulob da ke bakin dam kusa da Birmingham, yanzu ta matsa sai mun sayi namu mun riƙa shiga tseren ranar Lahadi. Nauyina kilo 88, nata 48. Fam 2,000 na ware, har da tirela. Gangaren da ake tura jirgi zuwa ruwa yana da tsayi, kuma mu biyu ne za mu riƙa jawo shi sama bayan tsere. Uku nake dubawa: GP14, wanda ya fi yawa a kulob ɗinmu, da Enterprise, sai RS200 da ita take so saboda gudu. Ni zan riƙe tuƙi, ita tana gaba. Wanda ya taɓa mallakar ɗaya, don Allah ya gaya min abin da ya gani.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi Wayfarer kawai ka huta. Da irinsa wani Baturen Ingila, Frank Dye, ya tashi daga Scotland har Iceland a 1963. Jirgin da ya keta wannan teku, ruwan dam me zai yi masa?

Ɗan Kabi: Ikon Allah! Bakatsine da ruwa? Ku da ruwanku bai wuce na Ajiwa ba. Ka zo Argungu mu fara koya maka riƙe gora tukuna.

Baban Hanifa: Ɗan Kabi, muna da Zobe, muna da Jibiya, ba sai mun zo cin kifinku ba. Injiniya, na gode, amma Wayfarer ya haura kilo 160 tun ba a ɗora masa komai ba. Ni da yarinya ba za mu iya hawo da shi wannan gangaren ba.

Kawu Sale: Ƙanena, in dai kana jin maganata, kada ka kusanci jirgin katako. Ni Enterprise na saya hannun wani dattijo, fam 650. Ya sha sabon fenti yana ƙyalli, ga shuɗin ƙyallensa na kama iska mai kyau, ɗana yana ta murna. Ashe fentin nan rufa-rufa ce. Ranar tserenmu na farko, ba mu kai alamar farko ba na ji ruwa yana taɓa min idon sawu. Yaron yana kwarfa, ruwa yana ƙaruwa, har jirgin ceto ya zo ya ja mu gaban kowa. Da aka kifa shi aka duba, duk kewayen akwatin da allon ƙasa (wanda ake saukarwa cikin ruwa don ya hana jirgi zamewa gefe) yake shiga ya ruɓe, babban yatsa ma yana nutsewa a ciki. Mai gyara ya ce fam 1,200. Na kira dattijon, ya ce ai na gani da idona kafin na biya. Jirgi yana ajiye, kuɗin wurin ajiya yana tafiya duk shekara, a ƙarshe sai da na biya kuɗi aka zo aka kwashe shi. Kuɗin ba su ne suka fi ci min rai ba. Yaron nan tun daga ranar bai sake yarda ya shiga ruwa ba, ko maganar ba ya so a yi. Yau shekarunsa 22.

Maman Sadik: Allah sarki Kawu. Allah ya mayar da alheri.

Abba Leeds: Fam 650 ma an cuce ka Kawu. A allon sanarwar kulob ɗinmu akwai Enterprise na fam 250, wani ma kyauta mai shi yake neman wanda zai ɗauka.

Kawu Sale: Irin na kyautar nan shi ne mafi tsada. Je ka ɗauka ka gani.

Anti Rakiya: Baban Hanifa, bari in koma kan tambayarka. Ni da maigidana mun yi shekaru a GP14 kafin mu koma RS200, kuma har yanzu muna tsere. Abu na farko, ka je kulob ranar Lahadi ka ƙirga jiragen da suke shiga ruwa, ba waɗanda suke kwance cikin ciyawa ba. In GP14 ne suka fi fitowa, wannan babban dalili ne. Za ku tashi tare da irinku, ku ga inda suka wuce ku, ku tambaye su yadda suka ɗaure ƙyalle, ku sami kayan gyara na hannu. In kai kaɗai ne da irin jirginka, sai dai a haɗa ka da sauran a lissafin Portsmouth, inda kowane irin jirgi yake da lambarsa gwargwadon gudunsa, ka gama tsere ba ka san matsayinka ba sai an buga lokaci da lamba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. GP14 ya kai kilo 133, RS200 kuwa bai kai 80 ba, kuma nauyinku a haɗe, 136, daidai yake da abin da RS200 yake so. Ƙyallensa na uku, sifinika, da igiya ɗaya ake ɗaga shi, sandarsa ta fito da kanta. Na GP14 sai yarinya ta miƙe ta maƙala sanda da hannu jirgi yana rawa. Sai dai RS200 ba ya yafe kuskure, za ku sha kifewa a farko. Enterprise ba shi da sifinika sam, yarinya mai son gudu za ta gaji da zaman gaba. Kuma fam 2,000 a RS200, tsoho sosai za ka samu, ƙyallensa ya saki. Namu fam 3,800 muka saya.

Abba Leeds: Anti 3,800? Abokina ya sayi nasa 1,700 bara, da tirela.

Anti Rakiya: Tambaye shi nawa ya kashe a sabbin ƙyallaye bayan nan.

Kawu Sale: Duk wannan lissafin kilo ne. Ni dai na ce a duba ƙasan jirgi. Ka tafi da sukudireba, ka danna duk inda katako ya haɗu da katako. In mai shi ya hana ka, juya ka tafi. Kuma in ya ce maka jiya-jiya ya yi fenti, nan ne ma za ka fi tsorata.

Anti Rakiya: Kawu, RS200 duk na faiba ne, GP14 ma akwai na faiba da yawa. Ba kowane jirgi ne katako ba.

Kawu Sale: Faiba ma tana shan ruwa ta yi laushi. Ni an yi min, na san zafinsa.

Sarkin Ruwan Yawuri: Ni abin da yake ba ni mamaki, mu da aka haifa a bakin Kwara, muka tashi muna kallon Rigata, ba a tambaye mu ba. Ina da shekara 9 nake haye kogi ni kaɗai da kwale-kwale. Jirgi mai faɗin ciki shi ne jirgi. Duk wanda ya ce ka sa 'yarka a abin da shi da kansa ya ce za ku sha kifewa, ka yi hattara da shawararsa.

Anti Rakiya: Malam, ban raina sanin ruwanka ba, amma tuƙi da filafili daban, tuƙi da iska daban. A nan kifewa darasi ne da ake koyarwa tun a kwas, da rigar kariya a jiki, jirgin ceto yana kusa. Hanifa ta riga ta yi shi kafin a ba ta takarda.

Injiniya Bala: To in gudu ake so me ya hana 470? Tun 1976 yake gasar Olamfik, yanzu ma namiji da mace ake haɗawa a ciki.

Anti Rakiya: Injiniya, ka taɓa hawansa?

Injiniya Bala: Na karanta sosai a kansa.

Ɗan Kabi: Injiniya ya haye Iceland, ya dawo ya shiga Olamfik, duk yana zaune a falo. Ranka ya daɗe!

Maman Sadik: Ni maganar rigar kariyar nan ce ta tsaya min a rai. A nan ko yaron da ya iya iyo kamar kifi ba a barinsa ya taka jirgi babu ita. Ku tuna Bagwai a ƙarshen 2021, 'yan Islamiyya ne za su je Mauludi, jirgi ya kife da su a dam ɗin Watari. A shekarar nan dai aka yi na Warra a Kebbi, aka rasa mutane da yawan gaske. Da a ce kowa yana sanye da rigar nan, da iyaye nawa ne ba su yi kuka ba?

Sarkin Ruwan Yawuri: Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Riga kam ana rabawa wani lokaci, a ɗauki hoto a tafi. Bayan wata biyu ka je mashiga ba ka ganin ko ɗaya. Kuma ba riga kaɗai ba ce. Jirgin mutum 50 a loda masa ninki biyu, ga buhuna, ga babura, a tashi da dare babu fitila. Ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun da aka tare Kainji. Matuƙi ya sani, fasinja ya sani, amma hanyar mota ta lalace ko babu tsaro, to ina za su bi?

Kawu Sale: Kuma jiragen duk katako ne, ba mai duba ƙasansu. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Abba Leeds: Rigar a nan fam 30 zuwa 40 ce sabuwa. Kuloblika suna da tsofaffi jibge a sito. In muka haɗa kai ba za mu iya tura ko ɗari gida ba?

Maman Sadik: Ta fam 20 na saya wa Sadik. Amma ka sani, irin ta masu tsere don wanda ya iya iyo aka yi ta, ba ta juyo da fuskar mutum sama in ya suma. Ta fasinja daban ce, mai abin wuya.

Baban Hanifa: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. In an tashi haɗa kuɗin riguna a sa da ni. Anti Rakiya, wani a kulob ya ce zai sayar min da GP14 na faiba fam 1,400, ya kuma ce mu gwada shi ranar Lahadi. Lokacin da kuke da naku, ku biyu kuna iya hawo da shi gangare, ko sai an kama muku?

Sarkin Ruwan Yawuri: Abba, kafin a yi maganar turawa, wa zai karɓa a can? In ba sarkin ruwan kowace mashiga aka damƙa wa hannu da hannu ba, a kasuwa za ku gan su.

Abba Leeds: Kuɗin kwastan fa? Akwai wanda ya taɓa tura kaya irin wannan ta Legas?