"Garin neman gira a rasa ido": wai har da mai jinyar murar jariri?

Amaryar Bara: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana Hausa ku warware min wata magana da ta tsaya min a rai. Yarona watansa huɗu, mura ta kama shi yau kwana uku kenan, hanci ya toshe ruf, in ya kama nono sai ya ja sau biyu uku ya saki ya fashe da kuka don ba ta inda zai shaƙi iska. Jiya wajen ƙarfe biyun dare na kasa jurewa na ɗauko tsinken goge kunnen nan mai auduga zan ɗan zaƙulo busasshiyar majinar da nake hangowa, babansa kuma yana ta laluben makulli wai zai fita neman sirof ɗin tari. Sai ga surukata ta leƙo, ta riƙe min hannu ta ce "ke yarinya, garin neman gira kar ki rasa ido", ta juya ta koma ɗakinta. Ni dai a sanina mai haɗama ake faɗa wa wannan, wanda yake da ɗaya yana neman biyu. To ni haɗamar me na yi? Ko tana nufin in naɗe hannu in zuba masa ido ne yana wahala?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ki gaida Hajiya, ba ta saka maganar inda bai dace ba. Dubi abubuwan biyu da aka haɗa: gira ado ce, mutum zai rayu ba ita ba abin da ya ragu sai kyau, ido kuwa shi ne jarin. Ga su kuma maƙwabtan juna, tazararsu bai kai faɗin yatsa ba, shi ya sa hannun da ya je wa ɗaya in ya goce sai ya faɗa ɗaya. Ba haɗama kaɗai ake nufi ba, duk wanda zai sa babban abu cikin haɗari don ƙaramin abu ya shiga ciki. Majinar nan ita ce girar, hancin yaron da lafiyarsa su ne idon.

Mai Gardama: Malam a gafarce ni, amma ni "garin gyaran gira" na tashi na ji ana faɗa, ba "nema" ba. Kuma in ka duba gyara ya fi ma'ana, wa yake neman gira? kowa da tasa aka haife shi. Kuma ai gyaran ne ya fi dacewa da labarin 'yar'uwarmu, niyyarta alheri ce hannu ne zai yi ɓarna.

Malamin Hausa: Duka biyun suna bakin mutane. Amma akwai ɗan bambanci a kunnena, "nema" na mai kwaɗayi ne, "gyara" na mai kyakkyawar niyya da ya rasa dabara. Na yarda da kai a nan gyara ya fi zama daram, sai dai ba zan ce wa dattijuwa ta yi kuskure a karin maganar da ta girme ni ba.

Sista Mai Dare: Ku bar ni in shigo ta ɓangarena tunda aikin jinya nake, yara nake gani kullum. Amarya, wallahi surukarki ta cece ki sau biyu a dare ɗaya. Tsinken nan ba ya fito da majina, tura ta ciki yake, kuma fatar cikin hancin jariri ba ta da kauri ko kaɗan, ya ɗan juya kai kawai sai jini. Sirof ɗin tari da mura kuwa shi ne ma ainihin rasa idon. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce kar a bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba irin waɗannan, a Ingila kuma a 2009 suka ce har ƙasa da shekara 6. Dalili, ba a ga suna warkar da komai a ƙananan yara ba, ga kuma illa, wani ya sa yaro barcin da ba na lafiya ba wani ya sa zuciya bugu da sauri. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, irinsu sun haura 200, ba maganin da ke kashe su a kwalba, jiki ne ke yaƙinsa da kansa. Kwana na biyu zuwa na uku ta fi tsanani, zuwa kwana 7 ko 10 ta wuce, tarin ne kan yi naci har sati biyu ko uku. Ke kina kan ganiyarta ne yanzu.

Amaryar Bara: To Sista kenan dai in zauna? Don wallahi jin numfashinsa kamar ana jan ruwa da tsinke shi ke hana ni barci.

Sista Mai Dare: A'a ƙanwata, ba a ce kar a taɓa gira ba ai, cewa aka yi a kula da ido. Ki nemi ruwan gishirin ɗiga wa hanci, wanda aka rubuta 0.9% a jiki, ba wanda ke da maganin buɗe hanci na manya ba. Ki kwantar da shi rigingine, ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci, ki ɗan jira kamar minti ɗaya majinar ta jiƙa, wani lokacin ma atishawa zai yi ta fito da kanta. In ba ta fito ba sai robar zuƙe majina. Ga inda mata da yawa ke kuskure: ki matse robar tukuna a waje, sannan ki sa bakinta a bakin hancin kaɗan, sai ki saki a hankali. In kika sa sannan kika matse to hura masa kika yi ciki. Ki yi kafin shan nono da kafin barci, kar ya wuce sau uku ko huɗu a rana don yawan zuƙa ma kumbura hancin yake, kin ga an koma gyaran girar. Ki wanke robar da sabulu da ruwan ɗumi duk bayan amfani ta bushe. Nono kuma ki yawaita, kaɗan-kaɗan akai-akai, shi ne ruwansa shi ne abincinsa, ɗan wata huɗu ba ya buƙatar ruwan sha sai ya kai wata 6. Jarirai a watannin farko ta hanci suka fi numfashi shi ya sa ƙaramar toshewa ke zame musu babban abu.

Baban Uku: Ni fa ina da ja a kan wannan karin magana, ba a ma'anarta ba, a yadda ake amfani da ita. Ta zama mafakar masu sakaci. Ɗiyata ta biyu tana wata bakwai ta fara da mura kamar wasa, kowa a gida cewa yake mura ce a bar ta za ta wuce, kar a cika kai yaro asibiti, ni ma na biye. Kwana na huɗu da dare na ɗaga rigarta zan canza mata sai na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk in ta ja numfashi, kamar ana danna shi da yatsa, hancin yana buɗewa yana rufewa. Muka kwana uku a asibiti da robar iska a hanci. Likita ya ce wata ƙwayar bairos ce da ake kira RSV ta sauka ƙananan hanyoyin iska na huhu. Da na ƙara kwana ɗaya ina "kar a rasa ido" ai da idon na rasa. To ku gaya min, wanda ya zauna da wanda ya yi garaje wa ya fi kusa da makanta?

Malamin Hausa: Allah ya ƙara mata lafiya. Amma Baban Uku laifin masu faɗinta ne ba na maganar ba. Ita ba ta ce zauna ba, mai cewa zauna ita ce "da muguwar rawa gara ƙin tashi", kuma ita ma muguwar rawa ta hana ba rawa ba. Abin da ka gani a ƙirjin 'yarka wata karin maganar ce ke da shi, jiki magayi.

Baban Uku: Malam kai kullum sai ka samo wa magana mafita hhh. Jiki magayi ne ga wanda ya iya jin yarensa, ni a lokacin ban iya ba.

Sista Mai Dare: Gaskiyar Baban Uku ce kuma gara da ya faɗa. Ga yaren, kowa ya koya. Ka ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru ba kuka yake ba, ka ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogo. Ƙasa da wata 2 in ya kai 60, daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, to ya yi sauri, wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne da ake gane nimoniya, wato ciwon huhu, da shi. Lotsawar haƙarƙari, gurnani in zai fitar da numfashi, leɓe ya sauya ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ya ɗauke numfashi na ɗan lokaci, ya yi laushi ana tashinsa ba ya tashi, duk waɗannan ba a jiran gari ya waye. Haka in ya ƙi nono ko abin da yake sha bai kai rabin na kullum ba, famfas a bushe awa da awanni, maɗiga ta faɗa. Sai zazzaɓi: jaririn da bai kai wata 3 ba in ma'auni ya nuna 38 asibiti kai tsaye ko da yana wasa, kar a ba shi komai a ce a gani. Ku sayi ma'aunin zafin nan, bayan hannu yana ƙarya.

Kakar Yara: Ni tsohuwa ce ban iya dogon rubutu ba jikata ke danna min. 'Ya'ya tara na raina. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, surukarki ta yi daidai. Amma ɗan zuma a yatsa a lasa masa yana kwantar da tari, wannan ba sirof ba ne ba kuma tsinke ba.

Sista Mai Dare: Mama ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. A zuma kina da gaskiya rabi, yana sassauta tari, mu ma muna cewa a bayar, amma sai yaro ya cika shekara 1. Kafin nan akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki, hanjin babba yana gamawa da ita, na jariri bai yi ƙwari ba sai ta tsiro ta saki guba mai kashe jijiyoyi, yaro ya saki jiki ya kasa tsotso har numfashi ya gagara. Ba kasafai take faruwa ba shi ya sa 'ya'yanki tara suka wuce lafiya, amma in ta faru ba kyau. Tari dai gira ne Mama.

Kakar Yara: To na ji. Zamani riga.

Mai Gardama: Sista tunda kin buɗe asibiti kyauta, uwargida ta ce in tambaya. Majina in ta koma kore ba shi ne lokacin antibayotik ba? Sannan man shafawan nan mai yaji da sirace fa?

Sista Mai Dare: Kore ko ɗorawa ba hujja ba ce, launin daga sojojin jini ne da ke yaƙi, kusan kowace mura tana bi ta nan. Antibayotik ba ya taɓa bairos, sai dai ya jawo gudawa, in kunne ya kama ko ta sauka ƙirji likita ne zai duba ya rubuta. Man nan mai kafur da mentol ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2, balle a hanci. Ɗan basilin a ƙasan hanci ta waje in fatar ta yi ja, wannan ba laifi. Sirace da tafasasshen ruwa a kwano kuwa na ga ƙunar da ya jawo da idona, ƙafa ɗaya yaro zai harba. In kina son tururi ki tara ruwan zafi a banɗaki nesa da shi, ki rufe ƙofa ki zauna da shi a cinya minti goma. Hayaƙi kowane iri a nisanta da ɗakin. Farasitamol na zazzaɓi ne ko in yana jin jiki, gwargwadon nauyinsa ba da cokalin shayi ba, asfirin kuwa haram ga yara sai sun kai 16. Kuma kar a sa masa filo wai don hanci ya buɗe, in yana farke ki riƙe shi a tsaye a kafaɗa, in barci ne rigingine a shimfiɗa mai ƙwari ba komai a kai.

Baban Uku: Kun ga ni filon nan na sha yi. To yanzu a ƙirga ni cikin masu neman gira ko masu gyara?

Malamin Hausa: Kai naka gyara ne, an yafe.

Amaryar Bara: Na dawo da rahoto. Na samo ɗigon, na yi yadda Sista ta ce, karon farko na manta na matse a ciki ya yi wata irin zabura har na tsorata, na biyu sai ga wata doguwar majina kamar zare, ya yi atishawa biyu ya kama nono bai saki ba sai da ya yi barci a kai. Na ƙirga numfashin sau biyu, 42 da 44. Na karanta wa Hajiya maganganunku, ta yi dariya, ta ce a gaya wa mai cewa "gyara" ita "nema" ta ji a bakin uwarta kuma ba za ta canza ba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, nawa ɗakin ta hanci yake yi.

Mai Gardama: A gaida Hajiya da kyau, amma ina nan kan bakana, har yanzu ba wanda ya nuna min mutumin da ya fita neman gira.